Ƙamshi ba magani ba ne: magana kan man leɓen da ya cika teburan ƴan koli



Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke kanmu, man leɓe ne abin rubutu? E, shi ne. Abu ne da ƴaƴanmu da ƙannenmu ke gogawa a baki daga safe har dare, kuma abin da ya hau baki, ciki ya nufa.

Hunturu ya kama. Iskar da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, mu ne kusan na farko da take iskewa kafin ta kai Kano ko Damagaram. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, iska busasshiya ce ƙayau, leɓe ya yi fari, ya tsage, wani har jini. Mai kiwo da ke wuni a daji ya san wannan. Masu tsinkar tattasai da shanya shi a bakin kogi sun fi kowa sani, don wanda ya taɓa kai hannun tattasai kan tsagaggen leɓe ba ya buƙatar a yi masa bayani. To a daidai wannan lokaci ne ƴan ƙananan kwalabe da robobi masu launi suke cika teburan ƴan koli da hotunan WhatsApp: wannan mai ƙamshin alawa, wancan na lemu, wancan na na'ana'a, wai in ka shafa za ka ji sanyi-sanyi. Maganata a kansu gajeriya ce. Yawancinsu hanci suke yi wa aiki, ba leɓe ba.

Ga dalili. Fatar leɓe ba irin ta kumatu ko ta hannu ba ce. Siririya ce ƙwarai, kuma ba ta fitar da maiƙon da sauran fata ke kare kanta da shi, ba ta yin gumi. Shi ya sa ita ce ke fara bushewa. Abin da take buƙata a hunturu abu ɗaya ne: maiƙon da zai rufe ta, ya hana ɗan ruwan da ke cikinta tashi. Shi ke nan. Ba ta buƙatar ƙamshi, ba ta buƙatar zaƙi.

Zaƙin nan ma shi ne tarkon. In an sa wa mai ɗanɗanon alawa, harshe ba ya barinsa. Ka shafa, ka lasa, ka shafa, ka lasa. Yawu kuwa ba ruwa ne kawai ba, yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci, kuma da ya bushe sai ya tafi da laimar leɓen. Sai mutum ya ji bakinsa ya ƙara bushewa, ya sake jawo kwalba. Kwalbar ta ƙare, ya koma wurin mai tebur. Dubi yaran da ke yawo da jan zobe kewaye da bakinsu a sanyi, lasa ce ta yi musu haka, kuma ba yaron da za ka ba abu mai ƙamshin alawa ka ce kada ya lasa.

Sai batun sanyi-sanyin da ɗan zugin da ake yabo, wai alamar magani na aiki. Haba jama'a! Wannan kafur ne da mantol, dangin abin da ke cikin mantaleta. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta jera abubuwan da mai tsagaggen leɓe ya kamata ya guje wa, kuma kafur, mantol, turare, da ɗanɗanon kirfa, lemu da na'ana'a duk suna ciki. Bayaninsu shi ne, in man leɓe ya yi maka zugi ko raɗaɗi, fatar yake ci, ba warkar da ita yake ba. Cikin abubuwan da suka ce a yi amfani da su kuwa akwai basilin fari, da man kaɗe. Kun ji fa, man kaɗe. Wanda ake kawowa daga wajen Gaya da arewacin Najeriya, wanda kakanninmu ke ajiyewa a ɗan gwangwani, wanda ƴanmatan yau ke toshe hanci in sun gani wai yana wari. Manyan kamfanonin kwalliya na Turai suna sayen sa daga Afirka ta Yamma, su zuba a kwalba mai kyau, su sayar da tsada. Mu kuma mun bar shi mun bi ruwan alawa.

Kafin in yi wannan rubutu na gwada da kaina, don kada a ce zancen littafi ne. Na sayi guda mai ƙamshin alawa da sanyi-sanyi, na yi mako guda da shi. Ƙamshi kam akwai, ba ƙarya. Amma ko rabin awa ba ya yi a baki, kuma na riƙa kama harshena yana kai masa ziyara ba da izinina ba. Zuwa la'asar leɓen ya koma gidan jiya. Mako na biyu na koma man kaɗe, safe da dare da bayan cin abinci, sai ɓawon ya daina tashi. Bakin mutum ɗaya ne wannan, ban ce hujja ce a kan kowa ba. Ku ma ku gwada, ai ba tsada.

Amma duk wannan ƙarami ne a kan wanda ya fi tayar mini da hankali, wato ɗan man nan da ake cewa yana mai da leɓe ja ko ruwan hoda, wanda masu talla ke kira pink lips. Ɗauki kwalbar ka juya ta. Ba sunan kamfani, ba adireshi, ba jerin abin da aka haɗa, ba ranar lalacewa. In daga tsallaken kogi ta fito, ina lambar NAFDAC, hukumar da ke rajistar abinci, magani da kayan shafa a Najeriya? Babu. Wani ne ya kwaɓa a ɗakinsa, ya zuba turare, ya liƙa hoton wata mai jan baki. Man leɓe na gaskiya ba ya canza launin da aka haife ka da shi. Duk abin da ya ce zai canza, to ko rini ne, ko yana saɓule fata, ko kuma bilicin ne aka sauya wa suna. Kuma an san abin da ake yawan samu a mayukan bilicin: sinadarin haidirokinon, da magunguna masu ƙarfi da ke sirantar da fata, wani lokaci har da makuri mai lalata ƙoda. Ƙasar Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta kira bilicin babbar barazanar gaggawa ga lafiyar ƙasa. Wancan fa na shafawa a hannu da fuska ne. Wannan a baki ake sa shi, a sha shayi da shi, a ci tuwo da shi, uwa ta sumbaci jaririnta da shi.

Wa ma ya ce baƙin leɓe aibi ne? A ƙasar nan samarin Wodaaɓe ke ƙara wa leɓensu baƙi ranar Gerewol don farin haƙori ya fito, har daga Turai ake zuwa ɗaukar hotonsu. Yau kuma hoton waya da aka yi wa gyara ya sa yarinya na kallon madubi tana jin kunyar bakinta.

Kada a ce ni maƙiyin ƙamshi ne. A ƙasar Manga za a koya wa wani ƙamshi? Humra da turaren wuta na matan Barebari har Kano da Yamai ake nemansu. Sai dai iyayenmu sun san wurin kowane abu: turare na tufa ne da ɗaki da jiki, ba su taɓa zuba humra a kan ciwo ba. Tsagaggen leɓe kuwa ciwo ne, ko da ƙarami.

Akwai kuma ɗabi'ar ara. Kwalba ɗaya, ƙawaye biyar, kowa ta sa yatsa ko ta goga a baki ta miƙa wa ta kusa. Ƙurajen nan da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ke kawo su, ana ɗaukarta ta yawu da taɓa baki, kuma in ta shiga jiki ba ta fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da ita. Ga babba ɗan ciwo ne na kwanaki, ga jariri sabon haihuwa tana iya zama babban hatsari. Ƴar'uwa, man bakinki naki ne ke kaɗai, kamar asuwakinki.

To, na ji masu cewa kada a taɓa sana'ar mutane. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Da yawa cikin masu tallan nan mata ne da rikici ya koro daga garuruwansu, da ƴanmata masu neman na sabulu. Ba wanda ya manta daren 12 ga Disamba 2020 da aka ƙone kasuwar Tumur da gidajen jama'a, kuma mun san da ƙyar mutane suka sake haɗa ɗan jari. Amma saboda haka ne ma nake magana. A garin da dala ashirin ke da wurin zuwa, bai dace a karɓe ta a hannun yarinya a ba ta abin da zai ƙara tsaga mata baki ba. Mai talla ba ita ta haɗa ba, ita ma sarowa ta yi, kuma ita ma tana shafawa. Laifin na masu kwaɓawa ne da manyan dilolin da ke shigo da shi katan-katan ba wanda ya tambaye su takarda. Ɗakin gwajin ƙasa, LANSPEX, yana Yamai, sama da kilomita 1,300 daga Diffa. Kafin wata kwalba ta kai can, an shafe dubunta a nan. Saboda haka ƴan duwan da jami'an lafiya na jiha su fara da abin da ido ke gani: kayan shafa marar suna, marar jerin haɗi, marar ranar lalacewa, kada ya wuce.

Wanda leɓensa ya yi mako biyu zuwa uku yana shafa basilin ko man kaɗe, yana shan ruwa, ya daina lasa da ɓantarar ɓawo, amma bai warke ba, ya je CSI ya nuna wa majo. Musamman in gefen baki ne ke tsagewa, don sau da yawa wannan alamar ƙarancin jini ce ko ƙarancin bitamin, ga mai ciki da mai shayarwa da yara, kuma ba kwalbar da za ta warkar da shi.

Ku kuma iyayenmu da ƴan'uwanmu masu tebur, robobin nan ƙanana ana sayar da su babu komi a ciki. Ku saro man kaɗe mai kyau, ku narka a tukunya mai tsabta, ku zuzzuba, ku rufe, ku ajiye a inuwa. Ranar kasuwa mai zuwa wadda ta kawo, ta ware mini guda uku.