Kuɗin Raya Al'adu da Ƙetaren Kogin Kaduna

Sharhinmu na yau ya shafi kuɗin da hukuma ke warewa domin raya al'adu, da rabon da mazauna kudancin kogin Kaduna ke samu a ciki.

Duk wanda ya san garin Kaduna ya san inda ake kai baƙo idan ana so ya ga al'ada. Dandalin Murtala, Gidan Arewa da ke titin Rabah, gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu, da lambun Gamji mai tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, dukkansu a arewacin kogi suke. Otal ɗin Durbar ma, wanda aka gina saboda hawan dabar bikin FESTAC na 1977, can yake har aka rushe shi a watan Janairun 2020. Babu laifi a nan, can fadar gwamnati take tun zamanin Turawa. Amma mutumin Kakuri, da na Makera, da Barnawa, da Narayi, da Television, da Sabon Tasha, shi ma yana biyan haraji.

To, da can wa ke riƙe da makaɗa da 'yan rawa a kudancin kogi? Masaƙu ne. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu irin su Arewa da UNTL suka biyo baya, sai ma'aikata suka kwararo daga ko'ina: Bajju, Atyap, Ham, Tibi, Idoma, Igala, Nufawa, Hausawa, suka tarar da Gbagyi masu ƙasa. Kusan kowace al'umma na da ƙungiyar 'yan gari, kuma da wuya ka ga ƙungiya ba ta da gangunanta. Idan wata ya ƙare aka biya albashi, mai kalangu ya samu, mai rawar Swange ta Tibi ya samu, telan da ke ɗinka kayan rawa shi ma ya samu. Aljihun lebura ne ya ɗauki nauyin wannan duka, ba tare da wani ya rubuta shi a kasafin kuɗi ba. Da KTL ta rufe a 2002, sauran suka yi ta durƙushewa, an yi ta lissafin ayyukan da aka rasa. Gangunan da suka yi shiru kuwa, ba wanda ya ƙirga su.

Sai kuma rikicin 2000 da na 2002 suka raba mazauna garin, Musulmi da yawa suka koma arewa, Kiristoci da yawa suka koma kudu. Yau za ka iske saurayin da aka haifa a Sabon Tasha bai taɓa ganin hawan daba ido da ido ba, takwaransa na Kawo kuma bai san amon gangar Bajju ba. Labarin juna kawai suke ji, kuma ba kullum labarin ke da daɗi ba. Gani ya kori ji.

Gwamnati ta yi wasu abubuwa, a faɗi gaskiya. A 2017 gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin fara bikin littattafai na KABAFEST, aka kuma yi gagarumin hawan daba na cikar Kaduna shekara 100. A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin al'adu da fasaha, ƙarƙashin Hannatu Musawa. Sai dai biki kwana kaɗan ne a shekara. Ana kwashe rumfuna, manyan baƙi su hau jirgi, 'yan rawa su koma gida da ɗan abin da ya samu. Wanda zai koya wa yara kiɗa kowane mako, shi biki bai isa ya riƙe shi ba.

Wani zai ce, ana fama da tsadar abinci, wa ke ta rawa? Maganarsa abin dubawa ce. Amma abin da ake nema bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Makarantun gwamnati na unguwannin nan a kulle suke ranar Asabar. A buɗe aji ɗaya ko zaure ga masu wasan kwaikwayo da mawaƙa. A yi rajistar ƙungiyoyin rawa da kiɗa, a ba su tallafi ƙarami amma kowane wata, ya shiga hannunsu kai tsaye ba ta hannun ɗan kwangila ba. A kuma aika matasa da na'ura su naɗi waƙoƙin tsofaffin ma'aikatan masaƙa tun suna raye, don kullum raguwa suke yi.

Wannan aiki ya fi dacewa da ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kansilolin Kakuri da Narayi sun san gidan kowane makaɗi a mazaɓunsu. Ita kuma gwamnatin jiha, idan bikin al'adu na gaba ya zo, ta ware yini guda a yi shi a Kakuri ko Sabon Tasha, a zuba motocin da za su ɗauko 'yan kallo daga Kawo da Tudun Wada kyauta, kamar yadda ake yi lokacin gangamin siyasa.