Launin gwangwani daban, launin tasha daban

 A makon nan labarin wata kunya da muka sha za mu ba ku, don kada 'yan kulob ɗin kimiyya da fasaha masu shirin baje koli su faɗa ramin da muka faɗa.

Mu biyar muka haɗa kuɗin aljihunmu muka ƙera ƙaramin samfurin tsohuwar tashar jirgin ƙasa da kwali da gam: ofishin tikiti, sito da tankin ruwa. Mako uku muna yanka muna liƙawa. Ana jibi baje koli muka sayo fentin mai, muka shafe bango fari fat, rufi ja wur. Muka ɗauka da murna muka kai wa kakan ɗayanmu, wanda ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Baba ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye mu ko kek ɗin biki muka kawo masa. Awonmu bai kuskure ba, amma bai ga tashar da ya sani ba. Ga fentin ya ƙi bushewa, kwalin ya lanƙwashe. Haka baje kolin ya wuce mu.

Abin ya ƙona mana rai, sai muka shiga binciken yadda masu abin suke yi. Ƙera ƙananan jiragen ƙasa da gine-ginen gefen layi sha'awa ce da ta kafu a Ingila da Jamus da Amurka, har dattawa na yin ta. Suna da ma'auni tsayayye. A wanda ake kira HO, ana rage komai sau 87, wato ƙofa mai tsayin mita 2 za ta koma milimita 23. A Ingila sun fi amfani da OO, inda ake ragewa sau 76. A can ne akwai gidan tarihi na Pendon, inda aka ƙera ƙauyukan Ingila na shekarun 1930 da kwali, aka yi musu launi da fentin ruwa, bulo ɗaya bayan ɗaya. Ashe kwalinmu ba shi da laifi, idonmu ne bai yi aiki ba.

Darasi na farko, launi yana faɗin wuri da zamani. Bayan gwamnatin Birtaniya ta karɓi harkar jiragen ƙasa a 1948, kowace shiyya ta samu launin allunan tashoshinta: Kudu kore, Yamma ruwan ƙasa, Gabas shuɗi mai duhu, Arewa maso Gabas ruwan goro. Wanda ya sa koren allo a tashar Yamma, nan take za a gane bai yi bincike ba. Mu ma muna da abin dubawa, tunda layin dogo ya isa Kano tun 1911, kuma akwai tsofaffin gine-ginen reluwe a Zariya da Kaduna da Minna. Ku je da malaminku, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada kuma kowa ya taka kan layi.

Na biyu, ku rage kaifin launi. Idan kuka tsaya mita ɗaya daga samfurin HO, tamkar kuna hango ginin ne daga mita 87. Abin da ke nesa kuwa launinsa dushewa yake yi, kamar yadda hazo ke yi wa gari a lokacin sanyi. Don haka ku ɗiga fari ko ruwan toka a kowane launi kafin ku shafa. Baƙi ƙirin da fari fat kusan ba su da gurbi a nan.

Na uku, ku guji ƙyalli. Bangon da ya sha rana da ƙura ba ya sheƙi. Fentin ruwa irin na zane ya fi dacewa, a shafa shi siriri sau biyu ko uku, a bar kowane shafi ya bushe. Ku shafa bayan kwalin ma, domin hakan na rage lanƙwashewa.

Na huɗu, ku tsufar da ginin. Ku tsinka fenti mai duhu da ruwa sosai ku bi bangon da shi, zai kwanta a lunguna ya fito da su. Ku goge burushi a takarda har ya kusa bushewa, sannan ku shafi gefunan gini da launi mai haske. Amma kowace dauɗa da dalilinta: tsatsa daga kan ƙusa take gangarowa bisa kwanon rufi, jar ƙasa a gindin bango take tsayawa inda ruwan damina ke fantsama, jikin ƙofa kuma inda hannu ke taɓawa yake yin duhu. Garin alli da 'yar ƙasa da aka tankaɗe sun ishe ku.

Na biyar, kada ku cika kaya. Benci ɗaya, allon sunan tasha da buhuna uku a bakin sito sun wadatar, muddin an auna su. Mutumin HO bai wuce santimita 2 ba, to buhun da ya fi shi tsayi ya ɓata aiki.

Mun sake sabon samfuri, wannan karon da hotuna a gabanmu. Da Baba ya gani bai yabe mu ba, sai ya nuna wata taga ya fara ba mu labarin yadda ake layin tikiti a gabanta. Wannan ya fi mana kowane maki. Tsofaffin gine-ginen nan suna lalacewa, waɗanda suka san su kuma suna ƙarewa. Samfurin da aka yi wa launin gaskiya zai iya adana abin da ido ya gani.

Aikin gida: ku zaɓi bango ɗaya a makarantarku, ku ƙirga launukan da ke jikinsa, ku rubuto mana. Sai mun ji daga gare ku.