Daga Bakin Rumfa: Sayen but na doguwar tafiya a gwanjo

 

Saƙo biyu ne suka sa na ɗauko maganar takalmi a wannan mako. Na farko daga wata Hajiya ce a zangon Kumasi. Ɗanta yana shiga ƙauyukan daji sayen goro da jaka a baya, wani lokaci inda mota ta ajiye shi sai ya ƙara tafiyar awa biyu ko uku a ƙasa. Ta ce bana kaɗai ya kashe kambas uku, kuma duk dawowa sai ta dafa ruwa ta gasa masa ƙafa. Na biyu wani ɗan uwa ne a Douala, yaronsa zai bi 'yan makarantarsu hawan Dutsen Kamaru daga Buea, an ce kowa ya zo da but, shi kuwa ya leƙa shago ya ga farashin sabo ya juyo. Tambayarsu ɗaya ce: wane takalmi za a saya da kuɗi kaɗan wanda zai riƙe ƙafa ya kuma jure?

Kafin a je kasuwa, bari mu yi lissafi irin namu. Babban mutum yana yin taku wajen 1,300 a kilomita ɗaya. Wanda ya yi kilomita 15 a yini ya yi taku kusan 20,000 ke nan. Duk wani ɗan aibu da ke cikin takalmi, ɗinkin da ke gogar ƙaramin yatsa ko diddigen da ke zamewa, sau dubbai zai maimaita kansa kafin magariba. Haka nauyi ma. Shi ya sa ba na ba mai doguwar tafiya shawarar sayen but ɗin 'yan kamfani mai ƙarfe a baki, wanda samarinmu ke so saboda ya yi kama da na soja kuma yana da araha a gwanjo. An yi shi ne don kada bulo ko ƙarfe ya faɗo wa lebura a yatsa. Mai aikin gini ko mai sauke kaya a tashar jirgin ruwa ta Tema ya saya abinsa. Mai shiga ƙauye kuwa dakon ƙarfe kawai zai yi ta yi a ƙafa.

Abin da ake nema shi ne but na masu hawan dutse, mai matsakaicin wuya, wanda ya rufe idon sawu bai kai ƙwauri ba. A gwanjo ana samunsa sosai, domin Turawa suna saya su yi tafiya biyu ko uku da shi su ajiye. A Kantamanto ta Accra, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025 'yan kasuwa suka sake tayar da ita, da Mokolo a Yaoundé, da Ƙofar Wambai a Kano, duk za ka gan shi a jibge cikin sauran takalma. Sau da yawa ma mai kayan ya fi ɗora kuɗi a kan kambas mai sheƙi da yara ke rububi, ya bar wannan a gefe. Ka sammaka ranar da ake fasa dila, zaɓin farko yana tafiya tun kafin rana ta yi zafi.

To amma a nan ne tarkon yake, kuma a nan zan daɗe, domin shi ke cinye kuɗin mutane.

But yana da hawa uku. Akwai fata ko yadin sama, akwai baƙar robar da ke taka ƙasa, sannan a tsakaninsu akwai wani soso mai kauri wanda shi ke shanye dukan ƙasa. Sosan nan iri biyu ne. Ɗaya ana ce masa EVA, marar nauyi, irin na kambas. Shi idan ya tsufa lotsewa yake yi, za ka ga ya yi tamoji a gefe kamar fuskar tsoho, ba ya ɓoye shekarunsa. Ɗayan ana ce masa PU, ya fi ƙarfi, ya fi jure kaya mai nauyi, kuma shi ne a cikin da yawa daga manyan but masu tsada na Jamus da Italiya. Ciwonsa shi ne damshi. Raɓar da ke cikin iska tana shiga tana tsinka shi daga ciki a hankali, ko ana sa takalmin ko ba a sawa. Ajiya ma ta fi kashe shi, zafi kuma yana ƙara wa abin sauri. Yanzu ka duba tafiyar da takalmin gwanjo ya yi: shekaru a ɗakin ajiyar mai shi, makonni a cikin kwantena a kan teku, sannan watanni a sito a Kwatano ko Douala inda gishiri ma jiƙewa yake yi a kwano. Sai ka ga but fes, ƙasansa ko ƙwarzane babu, ka ce ka tsinci dami a kala. Ka yi kwana biyu da shi, a tsakiyar daji ƙasan ya ɓare ya bar ka da fata a ƙafa, sosan yana zuba kamar ƙuli-ƙulin da aka taka. Kuma mai kayan bai cuce ka da gangan ba, shi ma dila ya saya a rufe.

Gwajin ba wuya. Ka danna farcen babban yatsanka da ƙarfi a jikin sosan, ta wajen diddige. Lafiyayye zai lotsa ya dawo. Idan farcen ya shige, ko gari ya biyo shi, ko ka ji yana danƙo a hannu, ajiye shi ko da kyauta aka ba ka. Sannan ka kama baki da diddige ka lanƙwasa sosai kana kallon gefen, ka ga ko ƙananan tsagu za su buɗe. Ka sa yatsa ka ɗan ɓamɓari bakin robar ƙasa ka ga ko tana rabuwa. Ka ɗaga harshen takalmin ka karanta 'yar takardar ciki, kamfanoni da yawa suna buga wata da shekarar da aka yi shi. Ni dai in ya haura shekara 7 ko 8, kuma sosan PU ne, ba na tayawa. Kuma ka fi sakin jiki da wanda aka ɗan taka ya ci ƙasa kaɗan a kan tsohon da ba a taɓa sawa ba. Mai kaya zai ce, "Alhaji, za ka karya mini takalmi." Ka ce masa wanda hannu ya karya ai ba zai kai ka ko tasha ba.

Idan ya tsallake wannan, sai ka murɗa shi kamar mai matse wanki. Wanda ya murɗe gaba ɗaya ba zai tallafi ƙafa a kan duwatsu da saiwoyi ba, tafin ƙafarka ne zai yi aikin, da dare ka ji shi yana zugi. Ya kamata ya lanƙwashe a gindin yatsu kawai, inda ƙafa ke lanƙwashewa, tsakiyarsa ta tsaya ƙyam. Ka matsa bayan diddige da yatsu biyu, ka ji da tauri. Ka juya ƙasan ka duba haƙoransa, su kasance da zurfi da tazara, yadda laka za ta riƙa fita. Idan ka ga wani ɗan tambari ruwan ɗorawa mai kusurwa takwas an rubuta Vibram, robar wani kamfanin Italiya ce da ya fara tun 1937, kuma tana da kyau. Sai dai tambarin shaidar robar ƙasa ce kawai, bai ce komai a kan sosan da ke samanta ba, kuma masu jabu ma sun iya buga shi. Ka kuma ajiye takalmin a kan benci ka kalle shi ta baya. In ya karkace gefe ɗaya, tafiyar mai shi na farko ce ta zauna a ciki, kuma gwiwarka ce za ta biya.

Sai awo. Mu da muka tashi da silifas da fade, ƙafarmu ta baje, ta fi ta Bature faɗi, shi kuwa takalmin a kan ƙafarsa aka yanka shi. Don haka lamba kaɗai ba ta isa ba. Lambobin ma ba ɗaya ba ne. Abin da Faransa da Jamus ke kira 42, Ingila kusan 8 take ce masa, Amurka kuma wajen 9. Tsakanin 42 da 43 bai cika milimita 7 ba, ka ga ɗan kuskure kaɗan ya isa. Ka je gwaji da yamma in da hali, lokacin ƙafa ta kumbura da zirga-zirgar yini, in kuwa sammakon dila ka yi to ka bar wa kumburin wuri. Ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. Ka zaro shimfiɗar ciki ka taka ta a tsaye: ya kamata a sami sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsanka mafi tsawo, kuma gefen ƙafarka kada ya zubo waje. Ka sa duka biyun, domin da wuya ƙafafun mutum su zo daidai, ka ɗaure igiya har sama, ka taka. Diddige kada ya riƙa ɗagawa, nan ne bororo ke farawa. Ka sami gangara ko matakala ka sauko, in yatsu suna dukan gaba to ya yi kaɗan. Wannan ya fi shafar yaron Douala. Dutsen nan ya haura mita 4,000, kuma a saukowa ne farce ke mutuwa ya yi baƙi. Kada kowa ya yarda da "zai buɗe". Fata tana ɗan buɗewa a faɗi, amma ban taɓa ganin takalmin da ya ƙara tsawo ba.

Hajiya, in saƙo za ki bayar a sayo, ki sa yaron ya tsaya a kan kwali da safa a ƙafa, a zagaye ƙafar da biro a yanke. Mai sayen ya zura kwalin a ciki ya ga ya kwanta ba tare da ya naɗe ba, da ɗan sarari a gaba.

Za ku ga wasu an liƙa musu Gore-Tex, ana cewa ruwa ba ya shiga. Gaskiya ne in sabo ne. A gwanjo yawanci rigar cikin ta riga ta huje a wajen yatsu, sai a sami takalmin da ruwa ke shiga ya ƙi fita. Kuma a zafinmu ƙafa tana dahuwa a ciki. Kada ka ƙara ko sisi saboda wannan suna. Mai yawo a Yamai ko Garoua ya nemi mai yadi da iska ke ratsawa. Mai shiga kurmi da damina ya nemi fata zalla mai ƙarancin ɗinki, ya riƙa shafa mata mai.

Safa kuwa rabin takalmi ce, kuma nan mutanenmu ke tsuke hannu. Safar auduga tana shan gumi ta riƙe, fata ta yi laushi, gogayya ta tayar da bororo. Ka nemi mai kauri ta ulu ko ta zaren roba, a gwanjon ma akwai su, ka sayi ƙafa uku kana canzawa. Mu kuma muna da abin da Bature bai lissafa ba, wato alwala. Ka zaɓi but mai ƙugiyoyi a sama maimakon huda, cirewa da mayarwa ba za su gundure ka ba. Bayan alwala ka goge tsakanin yatsu su bushe kafin ka mayar da safa, in ba haka ba wurin zai yi fari ya dinga ƙaiƙayi yana tsagewa. Maganar shafa a kan huffi tana da sharuɗɗanta, wannan a tambayi malamai, ni ɗan kasuwa ne. A masallacin tasha kuma ka sa shi a leda ka ajiye a gabanka, ba sai na yi bayani ba.

Kada a kashe kuɗin duka a kan takalmin. A rage na safa, da sabuwar shimfiɗar ciki, da na shumeka. Ka wanke shi ciki da waje da sabulu, ka shanya a inuwa mai iska, kada a kusa da wuta ko a kan kwano da tsakar rana, zafi yana sakin gam. Ya bushe sai ka kai wa shumeka ya zagaye shi da ɗinki tun bai buɗe baki ba. Ɗinkin yana ƙara masa rai sosai in sosan lafiyayye ne, amma ruɓaɓɓen soso ba ya riƙe zare. Wanda kuma yake Accra ko Abidjan ko Dakar, ya leƙa shagon Decathlon ya ga farashin nasu mai suna Quechua kafin ya taya na gwanjo. Ko bai saya ba ya san inda zai tsaya a ciniki, kuma wani lokaci za ka ga ratar ba ta kai yadda ake tsoro ba.

Ɗan uwana na Douala, kada yaron nan ya fara sa takalmin ranar hawa. Ya yi sati biyu yana zuwa makaranta da shi, yana hawa bene yana sauka da jakarsa a baya. Duk inda ya ji zafi-zafi ya liƙa filasta tun bai tashi ba, ya kuma yanke farce kafin tafiya. Saman dutsen akwai sanyi mai tsanani, ya riƙe busasshiyar safa ɗaya a leda. Ɗan Hajiya kuma, tunda yana kwana a ƙauye, kullum da safe ya kife but ɗin ya kakkaɓe kafin ya zura ƙafa, kunama tana son irin wannan ɗaki.

Wanda ke da ciwon suga a cikinmu, shi kam ban yarda ya sa takalmin da ya zauna da ƙafar wani ba. Ciwon yana kashe jin ƙafa, takalmi zai ci shi bai sani ba, kuma gyambonsa ba ya saurin warkewa. Ya daure ya sayi sabo mai faɗi, ya riƙa shafa cikinsa da hannu kafin ya sa, ya duba ƙafarsa kowane dare, in ya ga ƙuje ya nufi asibiti.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa maganar jakar baya, domin wasunku sun yi ƙorafin kafaɗa.