WA YA CE BA RUWAN MAKIYAYI DA CINIKIN NAMAN DAJI?

Yau ina so in taɓo wata magana wadda na san ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata.

Kwanan baya muna zaune a ƙofar wani dattijo a unguwar Hausawa ta New Bell, nan Duwala, bayan sallar la'asar, sai na kawo zancen tarurrukan da ƙasashen duniya ke ta yi a kan cututtukan da ke biyo cinikin namun daji. Kafin in rufe baki wani babban falke ya ce, "Haba ɗan'uwa, mu da ba ma cin biri, ba ma cin jemage, ina ruwanmu? Wannan ai rigimar Turawa ce da mutanen kurmi." Jama'a suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin irin wannan magana ce ke sa a yanke mana hukunci ba mu nan, sa'an nan mu dawo muna kuka.

Alhaji, da kai da masu ra'ayinka, ku tambayi iyayenmu labarin bushiya. A 1983 ta ratsa arewacin Nijeriya da na Kamaru, mutum ya kwana da garke ya wayi gari da sanda. Mahaifina har ya koma ga Allah bai daina lissafa sunayen shanunsa da suka mutu a shekarar ba. Ita bushiya ba ta bambanta saniya da ɓauna da gadu ba, duk wanda ta samu a mashaya kwantar da shi take yi. Me ya kashe ta? Haɗin kan ƙasashe. Tun 1962 Kamaru da Cadi da Nijar da Nijeriya suka soma allurar rigakafi tare a yankin tafkin Cadi, ana bin ruga ruga, ana huda kunnen duk dabbar da aka yi wa. Da aka yi sakaci ta dawo, aka sake sabon shiri a 1986, har a 2011 aka yi shelar cewa babu bushiya a duniya baki ɗaya. Da aka tsare shanu, sai ta ɓace ko a cikin namun daji. Wannan ya isa ya nuna wa mai hankali cewa tsakanin daji da ruga babu katanga.

Yanzu ku dubi abin da ke fitowa daga dajin. A 2006 masana suka tabbatar cewa tushen ƙwayar ƙanjamau da ta game duniya yana jikin manyan birai na kurmin kudu maso gabashin ƙasarmu Kamaru. A 2003 aka ɗauki gafiya da wasu ƙananan dabbobi daga Gana aka kai Amurka don sayarwa, sai ga ƙyandar biri ta kama mutane da dama a can. Ibola ta kashe mutane fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016. Ita kuwa korona, da yawa daga cikin waɗanda ta fara kamawa suna da alaƙa da wata kasuwa a birnin Wuhan ta ƙasar Sin inda ake sayar da namun daji da ransu. Shin da korona ta zo a 2020 aka rufe iyakoki, ta tambayi wanda ke cin jemage? Mu da muka tsaya a kara da shanu suna ramewa babu mai taya, mun san amsa.

Bugu da ƙari, a 2016 gwamnatin Kamaru ta ware cututtuka biyar da ke tsallakawa daga dabba zuwa mutum waɗanda za ta fi sa wa ido: haukan kare, da ciwon saifa, da murar tsuntsaye, da Ibola da 'yar'uwarta Marburg, da tarin fuka na shanu. Ku ƙirga da kyau. Saifa da tarin fuka a cikin garkenmu suke. Ashe kuwa sunanmu na cikin takardar tun ba mu sani ba.

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari mu fara da namu. Shanun da ake yankawa a abatuwar Bonendale daga arewa suke zuwa, wasu ta jirgin ƙasa daga Ngaundere, wasu a tireloli ta Meiganga da Garwa-Bulai da Bertuwa da Yawunde da Edeya. Wani sashe na hanyar nan ta cikin kurmi yake bi. Ni da idona na ga yaron mota yana sauke buhu biyu na busasshen naman daji, da wata gada ɗanya jini na ɗiga, daga motar da ta ɗauko shanun mutane. Da na yi magana ya ce ai na cefane ne. Don 'yan sefa kaɗan ya haɗa dukiyar miliyoyi da abin da babu likitan da ya duba. Ranar da aka kama irin wannan mota, ko aka ce cuta ta fito daga cikinta, ba sunan yaron mota za a kira ba. Cewa za a yi shanun Hausawa da Fulani ne suka kawo annoba, a rufe kara, mai tsire da mai kilishi su rasa na tuwo.

Haka kuma akwai 'yan'uwanmu masu shimfiɗa kayan magani, ga fatu, ga ƙaho, ga kan ungulu. Ungulun nan da ake ƙararwa ita ce ke share mana mushe a daji kyauta. In babu ita, mushe ya daɗe yana ruɓa, karnuka su ja shi har bakin ruga. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yanzu kuma ga manya masu tarurruka. Ba mu ce ba ku yi komai ba. Akwai yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da fataucin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Kamaru ta shiga a 1981. A taronta na 2016 a Afirka ta Kudu aka hana cinikin ɗankunya da akun kurmi da aka kamo daga daji, har gwamnati ta ƙone kimanin tan 3 na ɓawon ɗankunya a Yawunde a 2017. A watan Afrilu na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka yi kira da a dakatar da sayar da namun daji masu shayarwa da ransu a kasuwannin abinci. A 2022 a Panama aka tattauna yadda CITES za ta taimaka wajen rage haɗarin cuta. A 2024 Kamaru ta yi sabuwar dokar gandun daji da namun daji a madadin ta 1994. A watan Mayu na 2025 kuma ƙasashe suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba a Jeniba. Duk mun ji, madalla.

Amma ina tambaya, a cikin waɗannan tarurruka duka, arɗo nawa aka taɓa zaunarwa? Sarkin fawa nawa aka tambaya? Wa ke fara ganin mushen ɓauna a bakin dajin Benuwe ko Faro ko Waza, in ba yaro mai kiwo ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai yaron nan ba zai faɗa ba, domin ya san in ya ce ya gani, tambayar farko ita ce me ya kai shi wurin, ta biyu kuma tara. Wanda kuwa saniyarsa ta nuna alamar cuta, gara ya yanka ta da dare ya sayar, tunda in ya kai rahoto asara ce ba diyya. Takardar da aka amince da ita a Jeniba ba za ta gyara wannan ba sai an sauko ƙasa.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na farko, a sa wakilan makiyaya da mahauta da direbobin shanu a cikin kwamitocin yaƙi da waɗannan cututtuka, tun daga gunduma har sama. Na biyu, duk wanda ya kai labarin mushe ko dabba marar lafiya a karɓa da godiya ba tare da tara ba, wanda aka hallaka dabbarsa don tsaron jama'a kuma a biya shi. Na uku, kuɗin taimakon da ke shigowa da sunan wannan aiki a ga alamarsa a allurar saifa da ɗakin LANAVET na Garwa ke yi, da ƙarin malaman dabbobi a kan iyakokinmu da Nijeriya da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Na huɗu, shingen hanya ya zama wurin duba kaya da gaske, domin shingen da ake wucewa da miƙa hannu cuta ma ta san hanyarsa. Na biyar, a yi mana bayani da Hausa da Fulatanci a rediyo da masallatai, ba Faransanci kaɗai ba.

Mu kuma a namu ɓangaren, ina kira ga shugabannin kara da masu motoci da su kafa doka tun yau: motar da ta ɗauko shanu kada ta ɗauki naman daji, ɗanye ko busasshe, mai rai ko matacce. Direban da ya karya a daina ba shi lodi. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci kada a feɗe ta, a kira malamin dabbobi, a binne da zurfi. In mun yi haka, za mu shiga kowane taro da bakin magana.

Iyayenmu sun miƙa kunnen shanunsu aka huda, bushiya ta tafi. Abin kunya ne a ce mu 'ya'yansu mun zauna a New Bell muna cewa ba ruwanmu. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da lafiyarmu, Ya ba shugabanni ikon sauraron na ƙasa, amin.