Idan Kasuwar Hoto Ta Yi Sanyi, Kada A Taɓa Jari

Yau maganarmu a kan sana'ar ɗaukar hoto ce, domin na san a cikinku akwai masu yin ta da kansu, akwai kuma waɗanda suka yi adashi suka saya wa ɗa ko 'ya kyamara. Mace mai hoto ta zama abin nema a yanzu, saboda gidaje da yawa ba sa son namiji ya shiga wurin kamu, sa lalle ko wunin suna. Sai dai sana'ar tana da lokacinta. Bayan kaka, da ƙarshen shekara, da watannin Rajab da Sha'aban, biki kan biki ne har barci ya gagara. Da azumi ya kama, ko damina ta yi nisa kuɗi ya koma gona, sai waya ta yi shiru.

'Yar uwa, wannan shirun ba karayar arziki ba ce, kowace shekara yana zuwa. Abin da ke kashe sana'ar shi ne cin uwar kuɗi a cikinsa, ko sayar da kyamara da sunan za a sayi wata idan kasuwa ta buɗe. Yawancin kayan hoto daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, don haka abin da kika sayar yau da wuya kuɗinsa ya sake saya miki irinsa. Tun kasuwa na ci ki riƙa ware wani kaso daga kowane aiki don watannin da ba aiki. Ki duba kalanda kuma, azumi yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, kada ya same ki ba shiri.

Aikin farko idan kin samu sarari shi ne sauke nauyin mutane. Albam nawa kika karɓi kafin alƙalaminsa ba ki kai ba? Amarya ba ta manta wadda ta riƙe mata hotuna har ta haihu, kuma ita ce za ta faɗa wa ƙawayenta. Ki gama gyaran, ki wanke, ki kai. Wanda za ki tura ta WhatsApp, ki tura shi a matsayin fayil, domin idan kika tura shi yadda aka saba manhajar tana matse shi, ya rasa kyansa idan an je wankewa.

Daga nan sai ajiya. Katin memori yana mutuwa ba sallama, waya tana faɗawa ruwa, kwamfuta ana sace ta, biki kuwa ba a maimaita shi. Kowane aiki ya kasance a wuri biyu aƙalla: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na daban, in da hali na uku a intanet. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, ya isa ki adana zaɓaɓɓun hotunan ayyuka da dama. Ki sa wa wayarki da kwamfutarki lambar sirri. Hoton matar aure ba mayafi a wurin kamu amana ce a hannunki, kuma kada ki ɗora hoton kowa a Instagram ko Facebook don talla sai da izininta.

Kayan aikin ma suna son kulawa. Danshin damina yana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashin kyamara, ta yi zare-zare kamar yanar gizo, in ta daɗe har ta ci gilashin. Kada ki bar kyamara a jakar da ta jiƙe ko a ƙasan gado. Ki samu roba mai murfi mai rufuwa ruf, ki saka ta tare da 'yan ƙullin nan na silika da ake samu a kwalin sabon takalmi, suna tsotse danshi. Amma ki nisanta su daga yara, yaro yana iya sa su a baki ya shaƙe. Batir kuma a cire shi daga kyamara, a ajiye shi da kusan rabin caji, ba a cike ba, ba kuma a mace ba.

Kada kuma ki zauna jiran biki kaɗai. A watan Satumba ana komawa makaranta, iyaye suna neman hoton fasfo. Islamiyyu suna saukar karatu. Maƙwabciyarki mai sayar da atamfa, turaren wuta ko cincin ta waya tana bukatar hoton kayanta mai kyau, kuma ita kasuwarta ba ta jiran kaka. Kuɗin ba yawa, amma yana sayen data da man janareta, jari ya zauna lafiya.

Suna shi ne hidimar da ba ta da damina ba ta da rani, to a nan zan yi magana da bakin ma'aikaciyar jinya. Jaririn kwana bakwai wuyansa bai iya ɗaukar kansa ba, sai wajen wata huɗu yake riƙe shi sosai. Hotunan nan da kike gani a intanet na jariri ya tallafe haɓa da hannuwansa, haɗi ne na hotuna biyu ko fiye, akwai babba riƙe da kan, aka goge hannunsa a kwamfuta. Kada ki gwada shi da ɗan mutane. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa jariri, in kina mura ko ƙurajen zazzaɓi a leɓe ki ɗage aikin. Kada a tuɓe shi a ƙarƙashin fanka, jarirai suna saurin ɗaukar sanyi. Hasken taga ya wadatar, hannun uwarsa kuma ya fi kowane kwando aminci. Yanzu da ba gaggawa, ki gwada duk wannan da 'yar tsana har hannunki ya faɗa.

Jikinki ma jari ne. Tsayuwar wuni da kyamara rataye a wuya tana kawo ciwon baya da kafaɗa, zaman gyaran hoto kuma yana gajiyar da ido. Duk minti 20 ki ɗauke ido daga allo, ki kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20. In kina yawan ciwon kai ko gani dishi-dishi, ki je a auna idonki yanzu, kafin layin bukukuwa ya dawo.

Ke kuma uwa da ɗanki ne mai kyamarar, in kin ga yana zaune a gida kada ki ce sana'ar ba ta karɓe shi ba. Tambaye shi albam nawa suka rage a hannunsa, da inda ya ajiye hotunan mutane.

Allah Ya sa albarka a nemanmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.