Wa ye ƙaton banza a Agege?

Kalmar nan "ƙaton banza" ta yi arha a Zango, har ta fi ruwan leda arha. Ya kamata mu tsaya mu duba wa muke jifa da ita.

A gida, ko a Kano ko a Katsina, ma'anarta a fili take: namijin da jiki ya girma, hankali ya ƙi biyo shi. Gemu ya fito, amma sai an ciyar da shi, an tashe shi sallar asuba, an biya masa bashin mai shayi. Ba ruwanta da aure. Wanda bai taɓa aure ba tuzuru ne. Wanda ya rabu da matarsa gwauro ne, shi ne Nalako ke kamawa a tashen Kano cikin azumi.

Mu nan duk mun cakuɗa su. Saurayi ɗan shekara talatin, tun duku-duku yana kwatar Oko-Oba yana fiɗa, ko yana dako a Mile 12, duk wata sai ya tura wa mahaifiyarsa kuɗi a Funtuwa. Don kawai bai yi aure ba, sai ka ji an ce a bakin masallaci, "Kai, ƙaton banza, yaushe za ka girma?" Haba Alhaji! Ina zai ajiye matar? Masu gidaje kuɗin shekara suke so a dunƙule, ga na dillali, ga na yarjejeniya. Tun da aka hana acaba a Ikeja a 2022, da yawa daga cikin yaran nan ma sana'ar suka sake daga farko.

Amma ga wani can, mun san shi, ko ba mu faɗi suna ba. Mata biyu a Arewa, 'ya'ya bakwai, rabonsa da aika ko kwanon masara tun babbar sallah. Wuni yake a majalisa yana musun Arsenal da Chelsea, abin da ya samu ya kai shagon caca. Matarsa ta bugo waya yaro ba lafiya, ya kife wayar ya ce ba sabis. Shi wannan "maigida" muke ce masa, mu matsa masa a tabarma, har a ba shi waliccin ɗaurin aure.

Ranar Juma'ar da ta wuce, wanda aka zaga a bakin masallacin ne ya biya kuɗin motar da ta kai gawar wani baƙo maƙabarta. Maigidan namu yana gefe, yana neman rancen dubu biyu.