Daga Majalisar Shayi: Da Wace Tiya Ake Auna Koci?

Duk wanda yake Abijan ranar 22 ga Janairun 2024 ba zai manta da yammacin nan ba. Ikwatoriyal Gini ta lallasa Giwaye da ci 4 da nema a filin Ebimpé, muna masu masaukin baƙi. Tun daga tashar gbaka ta Adjamé har kasuwar Treichville, ba ka jin sunan kowa a bakin jama'a sai na Jean-Louis Gasset. Bayan kwana biyu aka sallame shi, aka miƙa ragama ga mataimakinsa Emerse Faé, a ranar da ya cika shekara 40.

In da lissafi kaɗai ake bi, da Gasset ya sami masu kare shi. Giwaye sun fi riƙe ƙwallo a wasan, har sau biyu suna jefa ta a raga ana sokewa saboda satar gida. Amma a majalisarmu ba wanda ya tsaya kan wannan. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce shi fuskokin yaran ya duba bayan ci na biyu, ya ga kowa ya sunkuyar da kai, babu mai tsawata wa wani. A wurinsa laifin mai gida ke nan.

Sai da Maroko ta doke Zambiya sannan muka tsallake da ƙyar. A wasan Senegal a Yamoussoukro, Faé ya dawo da tsofaffin hannu, Max-Alain Gradel da Jean-Michaël Seri, ya kuma ajiye Franck Kessié a benci. Majalisa ta ɗauki zafi, wasu na cewa yaro ne bai san abin da yake yi ba. Kessié ya shigo daga baya, ya farke ci da fenariti, shi ne kuma ya buga na ƙarshe da ya fitar da masu riƙe da kofin. Nan take masu zagi suka koma masu kirari. Ni dai na tambayi kaina: da ƙwallon ta daki ƙarfe fa? Shawarar ita ce dai, ba ta canja ba.

Wasan ƙarshe, ranar 11 ga Fabrairu, shi ya raba gidajenmu biyu. Iyaye da suka taso daga Kano ko Katsina na bayan Najeriya, 'ya'yan da aka haifa a nan kuwa sun sha lemu da fari da kore. Kafin ranar, ƙwallo 2 kacal aka ci Najeriya a wasanni 6, kuma ana yaba wa José Peseiro da iya tsaron gida. Da Troost-Ekong ya fara ci, sai 'yan wasansa suka ja da baya, Kessié ya rama, Sébastien Haller ya ƙarasa. Dattawanmu ba su ce dabara ta ƙi ba, tsoro suka kira abin. Kaye sun yafe, amma noƙewar nan ta tsaya musu a rai.

Dattijon nan mai goro, wanda Najeriya ya goya wa baya, ya yi mako guda bai zauna majalisa ba. Da ya dawo, jikansa ne ya zuba masa shayi, sanye da rigar Haller.